KAFIN AKU YA SHIGO GIDA: JAWABI GA 'YAN'UWA MAZAUNA SABO

 

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin 'yan goro da na 'yan kara, da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan, muna yi muku barka da zuwa, tare da godiya da wannan dama da aka ba mu.

Wataƙila wani ya ce, duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin da za a tattauna sai tsuntsu? To, a yi mana haƙuri. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, sau da yawa mun sha ganin mutum ya kashe kuɗi masu yawa ya sayo aku don yara ko don uwargida, kafin wata ya zagayo sai ka ji an ce ya mutu. Sai a ce maita ce, ko baki ne. Alhali in an bincika, mu ne muka kashe shi da hannunmu ba mu sani ba. Rai ne fa, kuma Allah zai tambaye mu.

Mu Hausawa mun daɗe muna son aku. Duk wanda ya yi firamare a Arewa ya san akun nan da ya zama waziri a littafin Magana Jari Ce na marigayi Alhaji Abubakar Imam. Amma shi aku mai launin toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne. Gidansa yana dazuzzukan Kuros Riba da Ribas da Bayelsa da Edo, har zuwa Kamaru da Kwango. Maƙwabtanmu Yarabawa suna kiransa odidere, kuma jan gashin wutsiyarsa yana da daraja ƙwarai a al'adarsu. Ke nan mu da ke zaune a Kudu mu ne muka fi kusa da shi, mu ne kuma 'yan'uwa daga gida ke yi wa saƙon a taho musu da shi tsaraba.

Saboda haka tambaya ta farko, tun kafin a zo maganar keji, ita ce: daga ina tsuntsun ya fito? Tun 1985 Nijeriya take da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa, wato Doka mai lamba 11, an kuma yi mata gyara a 2016. A cikin wannan shekara ta 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, suka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Dalili kuwa, tsuntsun yana ƙarewa. A Gana, binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa daga 1992 an rasa tsakanin kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar. Masu kamu suna shafa danƙo a reshe, ko su kwashe 'ya'yan daga kogon itace, da yawa kuma a hanya suke mutuwa. Don haka muna roƙon direbobinmu da fatakenmu, kada wani ya karɓi saƙon aku a kwali ya ce zai tsallaka iyaka da shi. In jami'an kwastan suka kama, sunan Hausawan Sabo ne zai ɓaci. Wanda ke so, ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, ko wanda ya daɗe a hannun wani ya gaji da shi.

Na biyu, mu san cewa aku yana iya shekara 40 zuwa 50 a hannun mutum, wani ma ya wuce. Wanda ya saye shi yau yana da furfura, to ya sani magadansa ne za su ƙarasa kiwon. A yi shawara da mutanen gida tukuna, musamman iyayenmu mata, tunda su ne ke wuni da shi.

Yanzu mu zo kan keji. Ɗan kejin nan na waya da ake miƙo maka tsuntsun a ciki a kasuwa, na ɗauko shi ne kawai. Ba wurin zama ba ne. Keji na gaskiya shi ne wanda aku zai buɗe fikafikansa duka biyu ya karkaɗa ba su taɓa ƙarfe ba, wutsiyarsa kuma ba ta gogar ƙasa. A ƙalla faɗinsa ya kai ƙafa 3, zurfinsa ƙafa 2, tsayinsa ƙafa 4. In ya fi haka, madalla. A zaɓi mai kusurwa huɗu, a bar mai zagaye, don tsuntsu yana son lungun da zai raɓe in ya tsorata. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe kada ya wuce inci 1, don kada ya zura kai ya maƙale. A sa wasu ƙarafan a kwance, saboda aku da baki da ƙafa yake hawa.

In mai walda za a ba aikin, a zauna da shi a yi masa bayani. Ragar kaji ba ta yi ba: bakin aku yana tsinka ta, kuma farin rufin da ke jikinta tutiya ce, in yana gurgurar ta guba ce gare shi. Haka tsohon fenti mai dalma, haka ƙarfe mai tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne gaba, ko da ya fi tsada. A goge duk wani tsini da walda ta bari. A yi faranti a ƙasa wanda za a iya zarowa a wanke kullum, a shimfiɗa masa tsohuwar jarida. Ƙofa kuwa a sa mata kwaɗo, don wallahi aku yana kallon hannunka sau biyu zai koyi buɗe sakata. Matakala a yi ta da reshen itace kamar na gwaba, wanda ba a yi wa feshin magani ba, guda biyu ko uku masu kauri daban-daban, don ƙafarsa ta huta. Kwanon ruwa da na abinci kada su zauna ƙarƙashin matakala, kashi zai zuba ciki.

Sai wurin ajiyewa, kuma nan ne muka fi yin kuskure. Huhun tsuntsu ba irin namu ba ne, hayaƙin da zai sa mu tari kawai shi kashe shi zai yi. Mun ga gidan da aka kwanta da aku lafiya ƙalau, aka kunna igiyar leƙo aka rufe tagogi saboda sauro, da asuba aka tarar da shi a ƙasan keji ya sandare. Saboda haka a nisanta shi da igiyar leƙo, da maganin feshi, da hayaƙin janareto, da risho, da gawayi, da taba, har da turaren wutan iyayenmu mata. Kada a ajiye shi a madafa. Tukwanen zamanin nan da abinci ba ya kamawa, masu rufin Teflon, in suka yi zafi sosai suna fitar da wani tururi da ba a gani, yana kashe tsuntsu nan take. A nema masa inuwa mai iska, inda zai riƙa ganin jama'a, bayan kejin ya jingina da bango, a ɗaga shi sama yadda kyanwa da ɓera ba za su kai ba. Ya samu hantsi, amma ban da ranar tsaka ƙarƙashin rufin kwano. Da dare a lulluɓe shi da mayafi mara nauyi ya samu barcin awa 10 zuwa 12. Ranar da za a fito da shi ya miƙe fikafikai, a kashe fanka, a rufe taga, a rufe randa da bokiti, a kawar da wayar lantarki.

Abinci ma a tanade shi tun kafin ya iso. A daji ƙwarar manja ce abincinsa, ga ta kuwa a kasuwanninmu. A haɗa masa da gwanda, ayaba, mangwaro, karas, ɗanyar masara da ganye. Gyaɗa kaɗan-kaɗan, kuma ban da wadda ta yi funfuna. 'Yan goro, ku saurara da kyau: kada a ba aku goro don wasa. Abin da ke hana mu barci a goro da shayi da kofi, shi bugun zuciya yake sa masa har ya halaka. Fiya da cakulan su ma guba ne gare shi, abinci mai gishiri kuma a raba shi da shi. Ruwa a sake masa kullum.

In ya iso, a ƙyale shi ya huta kwana biyu-uku. A hana yara tsokanarsa da tsinke, bakinsa yana iya fasa yatsa. Mai kiwon kaji ko tattabaru ko tsirya ya ware shi daban na kimanin wata guda, a kuma kai shi likitan dabbobi ya duba, ga asibitinsu nan a Jami'ar Ibadan. Akwai cutar da ake ɗauka daga busasshen kashin tsuntsu, mai kawo zazzaɓi da tari, don haka a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannu bayan an gama. In kun ga yana fizge gashin jikinsa, yawanci kaɗaici ne, don a daji cikin garke yake rayuwa. A riƙa yi masa magana, a ba shi itacen da zai gurgura.

Wani abu kuma, jama'a: an ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Aku abin da ya ji shi zai maimaita. Yawancinmu gidan haya muke, ɗaki na jikin ɗaki, da Bayarabe da Ibo. Gidan da ake sallama da salati, shi zai riƙa yi wa baƙi. Gidan da ake ashar kuwa, to ranar da mai gida ya zo karɓar kuɗin haya za a ji kunya. A kuma sanar da maƙwabta tun da wuri, don yana da ƙara da safe.

Malamanmu ga su nan zaune, sun fi mu sani. Sun karantar da mu cewa ajiye tsuntsu ya halatta, tunda ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsunsa, Manzon Allah (S.A.W.) kuma bai hana shi ba. Sun kuma karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ya ga zai iya riƙe wannan amana, ya shirya gida tukuna sannan ya kawo tsuntsu. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya haƙura, ba abin kunya ba ne.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya yi wa kasuwanninmu albarka, Ya maida kowa gidansa lafiya.