Ilimin da ba ya da takarda



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Malamai iyayenmu, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena maza da mata, ina gaishe ku da zama. An ba ni minti kaɗan, kuma ni ɗalibi ne ba malami ba, saboda haka inda na yi kuskure a gyara mini.

Akwai wani abokina da muka tashi unguwa guda, muka yi allo wajen malami guda. Ni aka kai ni lakwal ta faranko-arab, shi kuwa babansa ya kai shi wajen mai gyaran wuta. Yau shekararsa 9 yana ɗora sola. Ku ba shi gida, ya ƙirga ƙwan wuta da fanka da firiji, ya faɗa muku fano nawa da batir nawa za su ɗauke shi, da ka, ba tare da ya taɓa bik ba. Bara wani kamfani ya nemi masu irin wannan aiki. Ya kai kansa, aka ce ina dosiye? Ya ce ku ba ni waya da fano ku gani. Suka ce su takarda suke karɓa. Wanda aka ɗauka, bayan wata 2, shi ne ke kiran abokina da dare yana tambayarsa yadda ake haɗa batir. Da ya ba ni labarin dariya yake yi, amma ni abin bai ba ni dariya ba. Kuma na san a cikin wannan zaure akwai irinsa da yawa: tela, makaniki, mai gyaran salula, malamar islamiyya da ta bar lakwal a aji na 4 na kwaleji saboda aure.

Tambayata ita ce: abin da mutum ya koya a garaji ko a zaure ko a kasuwa, jami'a tana iya ƙirga masa shi? Amsa ita ce e, akwai ƙasashen da suka daɗe da buɗe wannan ƙofa. Amma sai mun fara gane abin da jami'a ke ƙirgawa.

Jami'o'inmu, daga Abdu Mumuni ta Yamai zuwa Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, suna bin tsarin da ake kira LMD, wato lisans, masta, dakta. A wannan tsari kowane darasi yana da nauyinsa, ana ce masa kiredi. Zango ɗaya kiredi 30 ne, shekara 60, lisans kuwa 180 a shekara 3. Kiredi ɗaya yana tsaye ne a madadin aikin awa 20 zuwa 30 gwargwadon ƙasa, har da karatun da ɗalibi ke yi a ɗakinsa. Kun ga ke nan kiredi mudu ne. To idan mudu ne, hatsin da aka noma a wata gona ma yana iya shiga cikinsa, in dai hatsi ne na ƙwarai. Daga nan dabarar ta taso.

Faransa, wadda muka gaji tsarin karatunmu daga gare ta, tun 1934 ta yi doka da ke ba wanda ya ƙware a aikin injiniya damar samun wannan laƙabi ta hanyar gwaji, ko da bai shiga makarantar injiniyoyi ba. A 1985 aka yarda mutum ya shiga wani matakin jami'a da ƙwarewar aikinsa a madadin difulom ɗin da ake nema. A 2002 kuma aka kafa abin da suke kira VAE, wato tabbatar da abin da mutum ya koya a bakin aiki, wanda da shi ana iya ba ka difulom sukutum. Da farko sai kana da shekara 3 a aikin, a 2016 aka mayar da shi shekara 1. Abin da ya fi burge ni, aikin sa kai ma ana ƙirga shi, irin wanda kuke yi a nan ba a biyan ku ko dala.

Kada wani ya ce ashe banza ta faɗi. Ga yadda ake yi. Da farko ka kai shaidar cewa ka yi aikin kuma yana da dangantaka da difulom ɗin da kake nema. In an karɓa, sai ka zauna ka rubuta dogon dosiye, wanda yakan ci watanni: me ka yi, yaya ka yi shi, me ya sa ka zaɓi wannan hanya ka bar waccan, wace matsala ta taso, yaya ka warware ta. Sannan ka tsaya gaban jiri, malaman jami'a da masu sana'ar, su yi ta maka tambayoyi. Suna iya ba ka difulom duka, suna iya ba ka wani sashe su ce je ka cika saura, suna kuma iya cewa a'a. Ba shekarun suke aunawa ba. Wani ya yi shekara 10 a garaji, amma in ka duba aikin shekara guda ne ya maimaita sau 10.

Amurka kuma ta bi ta wata hanya. Lokacin yaƙin duniya na biyu samari da yawa sun bar makaranta sun tafi soja, can suka koyi gyaran injin da aikin rediyo da jinya. Da suka dawo sai aka fara auna horon soja ana ba shi kiredi a jami'a. Daga baya, a 1967, aka fito da jarrabawar CLEP. Darussa sama da 30 ne, yawancinsu minti 90, maki daga 20 zuwa 80, kuma jami'o'i da dama suna ba da kiredi daga 50. Ba ruwansu da inda ka koya, ko wajen kakarka ne. Akwai ta harshen Faransanci a ciki, saboda haka ɗan Nijar da Allah ya kai shi karatu can yana iya rage wa kansa darussa da kuɗi da harshen da ya sha bulala a kansa tun firamare. Sai dai kowace jami'a ita ke yanke abin da za ta karɓa, don haka ana tambaya kafin a biya kuɗin jarrabawa.

Yanzu wani zai ce wannan ai al'adar Nasara ce. Ni ina ganin mun riga su. Mece ce ijaza? Ɗalibi ya zauna gaban malami ya karanta littafi tun daga farko har ƙarshe, malami ya gamsu, sai ya ba shi izinin karantar da shi, ya ambaci wanda shi ma ya ba shi, har zuwa mai littafin. Ba a tambayar ko a soro aka yi karatun ko a gindin bedi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, haka ya yi karatu daga malami zuwa malami, har Agadas wajen Malam Jibril ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi kuwa ya rubuta ɗan littafi, Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu wajensu da littattafan da ya karanta. Ranar da na fara jin bayanin dosiyen VAE a aji, wannan littafin ne ya faɗo mini a rai. Mutumin nan ya rubuta nasa fiye da shekara 200 da suka wuce. Mu jikokinsa a karatu, wa ya rubuta nasa? A cikinmu akwai wanda ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, amma in ka ce ya kawo layi ɗaya da hannun malaminsa, babu. In malamin ya rasu, shaidar ta tafi da shi.

A nan ne nake ganin laifinmu, ba na gwamnati kaɗai ba. Ba mu aje shaida. Kuma duk inda aka buɗe irin wannan ƙofa, a nan gida ko a waje, abin da za a fara tambaya shi ne shaida. Saboda haka ƙanena mai koyon sana'a, sayi kaye na dala 40 ko 50, ka riƙa rubuta aikin da ka yi da ranar da ka yi shi, da Boko ko da Ajami, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi. Ɗauki hoton aikin da salularka kafin ka fara da bayan ka gama. Ka roƙi maigidanka, cikin ladabi, ya sa maka hannu a takardar da ta faɗi ranar da ka fara da irin aikin da ka iya. Na san wani maigidan zai ɓata rai, ya zaci shirin guduwa kake. Ka tafi da babba, a yi masa bayani. Ƙanwata mai karantarwa a islamiyya, ke ma haka: aji nawa, yara nawa, wane littafi, shekara nawa. In an yi wani horo na kwana 3 an raba atestasiyo, kada ki naɗe ƙosai da ita. Ki yi fotokofi, ki sa ta asalin a leda.

Sannan kada jiran sabuwar ƙofa ya sa mu manta da waɗanda ke buɗe tun tuni. Wanda ya bar lakwal yana iya zama brebe ko bak a matsayin kandida libir, ba sai ya koma aji da yara ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a cikin kwaminoni, akwai asusun FAFPA da aka kafa domin horon masu sana'a da masu koyo. Mai Larabci yana da hanyar faranko-arab, wadda ta fara da madarasar Say a 1957, ga kuma Jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986. Wanda kuma ya yi wani karatu a Najeriya ko Sudan ko Masar, ya nemi a daidaita masa takardarsa tun da wuri, ya kai buƙatarsa a rubuce, ya karɓi shaidar ajiya. Maganar baki a bakin taga ba ta zama hujja.

Abu biyu nake jin tsoro. Na farko, masu sayar da takarda. Za ku gani a Facebook ko WhatsApp, wai turo jika kaza a ba ka lisans saboda ƙwarewarka, ba jiri ba tambaya. Wannan ƙarya ce aka buga wa hatimi, kuma wanda ya ci albashi da ita ya san abin da yake ci. Duk inda ba a gwada ka ba, ba a tabbatar da komai ba. Na biyu ya fi laushi, shi ya sa ya fi wuyar gani. Kada mu mayar da karatun addini abin neman kiredi. Wanda ya haddace Alƙur'ani ba don jiri ya haddace ba, kuma ladarsa ba ta hannun jami'a. Abin da nake cewa kawai, Larabcin da ya samu a hanya, da nahawu, da iya karantarwa, ilimi ne da ake iya aunawa, kuma ba laifi ba ne ya ci abinci da shi. Haka kuma a yi adalci: hadda ba za ta ba ka kiredi a likitanci ba, kamar yadda iya ɗora sola bai sa abokina ya san lissafin da ke bayan abin da hannunsa ke yi ba. Shi da kansa ya faɗa mini akwai inda yake tsayawa. Wannan sauran shi ne jami'a za ta cika masa, kuma ya fi sauƙi a cika rabi da a ce ya koma farko.

Ina da roƙo ga shugabanni. Ƙungiyar nan shekara da shekaru tana da ma'aji da ke riƙe lissafi, da magatakarda da ke rubuta rahoton taro, da masu shirya karatun hutu da masu kai ziyara asibiti da gidan kaso. Sun zo sun wuce, ba wanda aka ba ko layi biyu. Ina roƙon a buɗe rajista guda, a riƙa rubuta wanda ya riƙe wane aiki, daga yaushe zuwa yaushe, kuma duk wanda ya sauka a ba shi takarda da hannun shugaba da hatimin ƙungiya. A rubuta gaskiya kawai, kada a ƙara wa kowa don ɗan unguwa ne, domin ranar da aka kama ƙari a takarda ɗaya, sauran duka sun mutu. Mu ɗaliban jami'a da ke cikinku mun yarda mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin hutu, mu taya duk mai so rubuta nasa da Faransanci. Abokina mai sola ya ce shi ne na farko, har ya sayi kayensa. Wanda zai zo ya taho da duk wata takarda da yake da ita, ko ta yage.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya.