Shanyewar Jiki da ke Tasowa daga Zuciya



A Kanan-Bakashe, in dattijo mai hawan jini ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ba wanda zai yi mamaki. Amma in budurwa ce ƴar shekara ashirin, wadda ta yi makonni tana masassara, ta sha maganin sauro bai yi ba, sai wata safiya bakinta ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, to, nan ake fara zancen iska. Sau da yawa kuwa abin daga zuciya ya taso.

Tushensa yana can baya, lokacin ƙuruciya. Ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitiraptokok, in ba a yi masa magani ba, yakan sa garkuwar jiki ta juya ta ci ƙofofin da ke cikin zuciya, musamman na ɓangaren hagu. Ƙofar da ta lalace wurin zama ce ga duk ƙwayar cutar da ta shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko ƙurji, ko allurar da ba tsabta. Ƙwayoyin su taru da gudan jini su zama tsiro mai rauni, zuciya na bugawa yana kaɗawa. Ran da ɓarɓashinsa ya ɓalle, jini ya kwashe shi, ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Tsiron da ya haura milimita 10 ya fi saurin ɓallewa. Wani lokaci ƙwayar ta ci bangon jijiyar har ta kumbura ta fashe, abin da likita William Osler ya bayyana tun 1885.

Maganin ya bambanta da na shanyewar jiki da aka saba gani. Allurar narka gudan jini, wadda ke ceton wasu, a nan tana iya jawo zubar jini cikin kai. Abin da ake so shi ne a ɗebi jini a auna kafin a fara komai, a yi hoton zuciya, sannan a yi ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya mako 4 zuwa 6. Bayan makon farko haɗarin ɓallewa yakan ragu sosai. Matsalar ita ce kafson da ake saye hannun masu talla ranar kasuwa: yakan ɓoye ƙwayar daga awo, bai kashe ta ba.

Don haka mai masassarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a saurari ƙirjinsa tun a likitar gari, a tura shi Mayahi ko Tasawa, daga nan Maraɗi ko Yamai inda na'urar hoton take. In ƙofar ta lalace ƙwarai sai tiyata, kuma in jini ya riga ya zuba a kai, likitoci kan jinkirta ta kamar wata guda.

A 2018 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri kan ciwon zuciyar da ciwon maƙogwaro ke jawo wa yara. Rigakafinsa dai penisilin ne: magani ga yaron da maƙogwaro ke ciwo, da allura duk mako 3 ko 4 ga wanda ciwon ya riga ya taɓa zuciyarsa, shekara da shekaru.