Me ya sa mata suka tsaya bayan Sonko?



A 2021 wata ma'aikaciyar gidan tausa a Dakar ta zargi Usman Sonko da fyaɗe, amma mata da yawa suka fito suna kare shi. Wasunku za su ce zane da sukari aka raba musu, irin na yaƙin neman zaɓenmu. Ban yarda ba. Matan Senegal sun ga yadda shari'a ta hana Karim Wad da Halifa Sal takara a 2019, sai suka ɗauki zargin tarkon gwamnati ne. A 2023 kotu ta wanke Sonko daga fyaɗe, ta yanke masa shekara 2 bisa lalata matashiya. Yarinyar kuwa, saboda barazana, sai da aka sa mata masu gadi.