Sadakar Ruwa da Yaran Hayiti

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu sauraro, an aiko mana da tambaya: shin ya halatta mai azumi ya kai sadakarsa ga yaran ƙasar Hayiti, alhali mafi yawan mutanenta Kiristoci ne? Kafin hukunci, sai mu san su wane ne.

Hayiti tana cikin wani tsibiri kusa da Kuba. Mutanenta jikokin bayi ne da aka kwashe daga Afirka, waɗanda suka kawar da mulkin Faransa a 1804. Ranar 12 ga Janairu 2010 ƙasa ta girgiza a babban birninsu, Port-au-Prince, mutum sama da 100,000 suka halaka, yara masu yawa suka wayi gari marayu a cikin tantuna. Ba a gama makoki ba, a watan Oktoba, sai ga kwalara, ciwon zawo da amai. Ku saurara da kyau ku ji ta inda ta shigo. Ƙazantar wani sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka zo daga Nepal, ita ta malala cikin ruwan da ke zuba a kogin Artibonit, inda talakawa ke sha suna wanka. Kimanin mutum 820,000 suka kamu, kusan 10,000 suka rasu. Sai a 2016 babban magatakardan Majalisar, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen ƙasar. Subhanallah! Waɗanda suka zo agaji, ta hannunsu annoba ta sauka. Kuma a 2022 ciwon ya sake dawowa, yara ƙanana na cikin waɗanda ya fi kayarwa.

To, hukunci. Zakka tana da masu ita, an ambace su cikin Suratut Tauba, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya matalaucin da ake ba ta Musulmi ne, ana kuma raba ta a wurin da ta wajaba. Amma sadakar ganin dama ƙofarta faɗi gare ta. Cikin Suratul Insan Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, malaman tafsiri kuwa sun faɗi cewa kamammen wancan zamani ba Musulmi ba ne. In an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ina ga ɗan Adam wanda bai ko balaga ba?

Sai dai a san abin da za a bayar. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sadakar da ta fi, domin mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa ruwa, ya haƙa rijiya. Yaron Hayiti ya fi bukatar ruwa mai tsabta, da sabulu, da salga nesa da rijiya, da allurar rigakafi, bisa ga tufafin salla. A kuma bincika hannun da za a danƙa wa dukiya: da yawa daga yaran da ke gidajen marayu a can iyayensu na raye, talauci ne ya raba su. Taimakon da zai bar yaro wurin uwarsa shi muka fi so.

Mu ma nan mun san wannan ciwo. Mutanen Madarunfa ba su manta da 2018 ba. Maganin farko ɗaya ne can da nan. Yaron da zawo ya kama, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan, ana tafe zuwa likita. Babban da ya kama shi yana azumi, ya sha nan take, kada ya jira magariba. Ya rama bayan salla.