Matakan Farko Bayan An Tabbatar da Sankarar Magudanar Maɗaciya

Hanta tana samar da wani ruwa mai ɗaci, wato ruwan maɗaciya, wanda ke taimaka wa hanji wajen narkar da maiƙo, kuma ruwan yana bin wasu siraran magudanai ya taru a matsarmama, daga nan ya gangara zuwa farkon ƙaramin hanji. Sankarar da ke tsirowa a jikin waɗannan magudanai ita ce likitoci ke kira kolanjiyokasinoma, kuma wurin da ta tsiro shi ke fayyace irin maganin da za a yi: ko cikin hanta, ko a ƙofarta inda manyan magudanai biyu suka haɗu, nau'in da likitan Amurka Gerald Klatskin ya yi bayaninsa a 1965, ko can ƙasa kusa da fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin.

Tambayar da ta kamata majiyyaci da danginsa su fara yi ita ce ko za a iya cire ƙarin ta hanyar tiyata, domin tiyata ce kaɗai ke ba da damar warkewa sarai, ko da yake kaɗan ne daga cikin majiyyata ake riska tun cutar ba ta bazu ba. Amsar tana hannun likitan fiɗa da ya ƙware a aikin hanta, tare da masu karanta hoto da likitocin sankara, waɗanda galibi a asibitocin koyarwa ake samunsu. Da hoton CT da na MRI ake gane zurfin ƙarin da kusancinsa da jijiyoyin jinin hanta, kuma ya fi kyau a ɗauki hotunan kafin a sa bututun buɗe magudanar, saboda bututun yana dusashe hoton. Gwajin jini na CA 19-9 yana taimakawa, amma toshewar magudana kaɗai tana iya ɗaga shi, don haka bai isa hujja ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne ciwon shawara. Idan ƙari ya toshe hanya, ruwan maɗaciya yana komawa cikin jini, sai idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi mai hana barci. A nan ne al'adar ƙasar Hausa ta tarar shawara da jiƙo da saiwoyi take zama haɗari, domin babu jiƙon da zai buɗe magudanar da tsoka ta toshe, wasu saiwoyin ma ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi suke yi. Ana buɗe hanyar ne da ɗan bututun roba ko na ƙarfe da ake zurawa ta baki da na'urar hangen ciki, ko ta fata kai tsaye zuwa hanta. Zazzaɓi da rawar ɗari ga mai wannan toshewa alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga magudanar, kuma ba a kwana da shi a gida.

Wanda aka yi wa tiyata akan ba shi ƙwayar kafesitabin na wata shida. Wanda tiyata ba ta yiwu gare shi ba, tun 2010 ake haɗa masa jemsitabin da sisfilatin, a 2022 kuma aka ƙara durbalumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki. Yana da kyau a nemi a binciki tsokar da aka gutsuro daga ƙarin don gano sauyin ƙwayoyin halitta irin su FGFR2 da IDH1, waɗanda ke da magungunansu na musamman, duk da tsadarsu. Rage raɗaɗi da gyara abinci kuwa haƙƙin majiyyaci ne tun ranar farko, ba sai an fid da rai ba.

Ana kira ga iyalai da su wakilta mutum ɗaya ya riƙe takardun gwaji da hotuna, ya raka majiyyaci wurin likita, kuma a sanar da mai ciwon gaskiyar halinsa cikin tausasawa domin a yanke kowace shawara da yardarsa.