Wurin ci da wurin sha: kowane da sunansa

  

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Nan da 'yan kwanaki samari da yawa za su tafi cin rani: wani Maraɗi, wani Damagaram, wani Yamai, wani Kano, wani ma har Abijan. Kowa ya sauka tasha, cikinsa ne ke fara yi masa magana. Don haka yau za mu duba sunayen wuraren da ake ci da sha. Suna da yawa, sun yi kama da juna, amma ba ɗaya suke ba.

Ni kaina abin ya taɓa ci na. Ran da na fara shiga birni, ban iya karatu ba tukuna. Yunwa ta kama ni. Na tambayi wani yaro inda ake cin abinci, ya nuna mini wani gida mai ƙofar gilashi. Na shiga, anka ba ni kujera, anka miƙo mini takarda. Sunan abinci da kuɗinsa duk suna rubuce ciki, ni kuwa ko baƙi ɗaya ban sani ba. Kunya ta hana ni tambaya, sai na ɗora yatsa bisa wani layi. Da anka kawo lissafi, guzurina na kwana uku ya tafi a zama guda. Kuma ban ƙoshi ba! Da na fito, ga wata mai tuwo zaune bayan gidan, taki kaɗan.

Mu fara da kalmominmu na gida. Ku dubi allo. Ga “ci”, ga “sha”. In anka sa “ma” a gaba, sai a samu sunan wuri: maciya da mashaya. Haka anka samu makaranta, da marina, da mahauta, da majema. Maciya tsohuwar kalma ce: wurin da ake sayar wa matafiya abinci bakin hanya. Yau ba a cika faɗinta ba, an fi cewa gidan abinci. Mashaya kuwa tana nan da ranta, amma ku yi hankali da ita. A ƙauye, mashaya ita ce inda ake shayar da bisashe. A birni, in ka tambayi mashaya, gidan giya za a nuna maka.

Talaka dai ya san wurinsa: wurin 'yar tuwo-tuwo. Tukunya a gabanka take, kana ganin miya, kai ne ke faɗin na nawa za a zuba maka. Mai fura na da rumfarta, mai tsire na da tukubarsa. A Najeriya za ku ji ana cewa buka. Kada ku ɗauka baƙuwa ce: bukkarmu ce Yarabawa sunka ara, ta zama sunan ƙaramin wurin cin abinci. A 2020 har babban ƙamus na Ingilishi, na Oxford, ya karɓe ta.

Yanzu sai baƙin kalmomi, su ne ake rubutawa bisa ƙofa.

Gidan nan da ya cinye mini guzuri, restoran ne. Kalmar Faransanci ce, daga “maido da ƙarfi”. Da farko sunan wani romo ne da ake ba wanda jikinsa ya mutu. Wajen 1765 anka fara buɗe gidajen sayar da shi a birnin Paris, sannu a hankali sunan romo ya koma sunan gida. A restoran ba abinci kaɗai kake biya ba. Kana biyan kujera, da fanka, da yaron da ke kawo faranti. Ba laifi ba ne ga mai hali. Amma karanta kuɗin kafin ka ce a kawo.

Otel ta fi rikitarwa. Ga Faransawa, otel masauki ne, inda baƙo ke biya ya kwana. A garuruwanmu, wata rumfar shinkafa da wake ma otel ake ce mata. A wasu garuruwa kuma, in anka ce wane ɗan otel ne, ba yabo ba ne: ana nufin wurin giya da matan bariki. Kalma ɗaya, gida uku. Baƙo ya ce “inda ake sai da tuwo” ya fi masa sauƙi.

Bar gidan giya ne, ba wata kewaya. Maki, da ake gani a Yamai, daga Abijan ta zo: ana gasa kaji da kifi, ana kiɗa, galibi kuma da giya. Kantin shi ne inda ɗiyan lakkwal ke cin abinci, waɗanda gidansu ke nesa. Kada ku haɗa shi da kanti, inda ake sayar da sabulu da atamfa, ko da yake asalinsu ɗaya.

Na bar kafe daga baya don ita ta fi dogon labari. Abin sha ɗaya ne, amma suna uku gare shi a bakin Bahaushe. Larabawa sunka ba mu gahawa. Faransawa sunka ba mu kafe. Ingilishi sunka ba 'yan uwanmu na Najeriya kofi, wanda kuma shi ne sunan abin da ake zuba shi ciki. Asalin itacen ƙasar Habasha ne. Mutanen Yaman ne sunka fara shan sa sosai, sama da shekara 500 ke nan, don kada barci ya ɗauke su wurin ibadar dare. Wajen 1555 anka buɗe gidajen gahawa a Istambul. A 1686 anka buɗe wani a Paris mai suna Procope. Can, kafe sunan abin sha ne, kuma sunan gidan da ake zama a sha, a karanta jarida, a yi gardama.

Mu nan, wane ne ke riƙe da wannan aiki? Mai shayi. Tebur ɗaya, benci biyu, tukunyar ruwan zafi, gwangwanin Nescafé, da Lipton, da madara, da sukari, da burodi, da ƙwai. Ko kafe ka sha wurinsa, sunansa mai shayi. Tun asuba direbobi da 'yan dako ke zagaye shi, rediyo na magana, labarin gari duk nan yake sauka. Ni a ganina, baƙo mai neman aiki ya fi samun hanya a bencin mai shayi bisa ga ko'ina. Abu ɗaya nake roƙon ku: ku dubi ruwan da yake wanke kofuna. In ruwan safe ne har azahar, ku matsa gaba.

Shayi ma kalmar Larabci ce. Na ga wasu dattawa na murmushi: i, haka ake rubuta shayin da wanzami ke yi wa yara. Baƙaƙen ɗaya ne, murya ce ta raba su.

Akwai kuma fada. Da can fada ta sarki ce. Tun shekarun 1990 samarin birane sunka ɗauki sunan, sunka ba wurin zamansu na ƙofar gida, inda ake ɗora 'yar buta bisa gawayi, a sha shayi zagaye uku. Fada ba wurin ciniki ba ce. Ba a sayarwa, ba a saye. In anka miƙo maka kofi, ka karɓa ka yi godiya, kada ka sa hannu aljihu. In zama ya daɗe, wata rana kai ma ka kawo sukari.

Yanzu kowa ya ɗauki allonsa. Ku rubuta kalmomi biyar ɗin nan: maciya, mashaya, otel, kafe, fada. Waɗanda sunka taɓa zuwa cin rani, gobe ku zo mana da sunayen da kunka ji can, mu ƙara su bisa allo. Mu fara da maciya: ma, ci, ya.