LADAN MAI TONA ASIRIN ƁARAYIN BAITULMALI

Ya 'yan'uwa, abin da za mu tattauna yau shi ne dokokin da suke ba mutum lada idan ya fallasa wanda yake ha'intar dukiyar gwamnati.

Mafi shahara a cikinsu ita ce dokar Amurka wadda shugaba Lincoln ya sa wa hannu a 1863, lokacin yaƙin basasarsu. 'Yan kwangila sun kasance suna sayar wa soja dawaki marasa lafiya, da ruɓaɓɓen abinci, da albarushin da aka gauraya da garin katako. Gwamnati ta fahimci cewa ba ta da ido a kowane sito, amma akawun ɗan kwangila da leburorinsa sun san komai. Sai aka ba kowane mutum damar shigar da ƙara da sunan gwamnati, idan an yi nasara ya ɗauki rabin abin da aka ƙwato.

To, ɗan Adam ba ya rasa dabara. Wasu sai suka koma kwafar tuhumar da hukuma ta riga ta shigar, su kai kotu su nemi kaso, alhali ba su kawo wani sabon abu ba. Saboda haka a 1943 majalisa ta rage ladan ta kuma tsananta sharuɗɗa, har dokar ta zama kamar babu ita. Sai a 1986 aka farfaɗo da ita. Maha'inci zai biya ninki uku na asarar da ya jawo. Mai ƙara zai samu kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari idan gwamnati ta karɓi shari'ar, ko 25 zuwa 30 idan shi kaɗai ya bi ta. Ana shigar da ƙarar a asirce domin hukuma ta yi bincike kafin wanda ake tuhuma ya ankara. Wanda aka kora saboda ya yi magana kuwa, a mayar da shi aiki, a biya shi ninki biyu na albashin da ya rasa. Daga 1986, an ƙwato sama da dala biliyan 70 a ƙarƙashin wannan doka, akasari daga harkar asibitoci da magunguna.

Wani ɗan'uwa zai ce, ashe wannan ba annamimanci ba ne? A'a. Annamimi yana yawo da magana ne domin ya ɓata tsakanin mutane, shi kuwa wannan ya kai ƙara wurin mai ikon kawar da zalunci. Sanya lada ma ba baƙon abu ba ne a fiƙihu. Shi ne babin ju'ala, kuma malamai sun kafa hujja a kansa da ƙissar Annabi Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Inda muke tsoro shi ne ƙazafi, domin kwaɗayi yana iya sa mutum ya laƙaba wa abokin aikinsa sharri. Don haka sai da hujja, kuma alƙali ne zai auna ta.

A Nijeriya, Ma'aikatar Kuɗi ta fito da nata tsarin a Disamba 2016, da ladan kashi 2.5 zuwa 5. A Afrilu 2017 hukumar EFCC ta gano kimanin dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, Legas, amma sai da aka shafe watanni ana ce-ce-ku-ce kafin a biya wanda ya tsegunta. A ganinmu, ƙarancin ladan ba shi ne babbar illa ba. An fito da tsarin ne a matsayin sanarwar ma'aikata, ba dokar da majalisa ta zartar ba, kuma bai ba mutum damar shigar da ƙara da kansa idan hukuma ta yi shiru ba. Ƙaramin akawu mai mata da 'ya'ya, wanda ya ga takardun bogi a kan teburinsa, kafin ya tambayi kashi nawa zai samu, sai ya fara tambayar wa zai tsaya masa ranar da aka miƙo masa takardar sallama.